Hajo Mai Dangwalin Tarwaɗa

Har ta kai shekara arba'in da biyar a duniya, Goggo Hajo ba ta taɓa riƙe kifi da hannunta ba. Ba ta ci, ba ta dafawa, in ma hanya ta bi da ita ta layin masu kifi a kasuwar Karaye, sai ta ja gefen mayafi ta toshe hanci. Ba tsirfarta ce ita kaɗai ba, haka gidansu yake tun kaka da kakanni. A wata ruga gefen Ruwan Bago aka haife ta, cikin ƙasar Rogo, ta tashi tsakanin ƙwarya da maburgi, aure ya kawo ta gidan Mijinyawa a yammacin Unguwar Hajji. Mace ce gajera, mai saurin tafiya, mai magana ɗaya. Nononta sananne ne a garin, don ba ta taɓa surka shi da ruwan kuka ba, kuma duk wanda ya ce ta rage masa sai ta rufe ƙwaryarta da faifai ta ce ya gwada gaba.

Shekarar bushiya, wato 1983, ita ta fara karya gidan. Ciwon ya shiga shanun Mijinyawa, cikin wata biyu garken da in ya taso daga fadama yakan toshe burtali ya koma 'yan tsirarun da mutum zai kira sunayensu cikin numfashi ɗaya. Suka lallaɓa da waɗannan, suna noma dawa da gero a bayan gida, har shanun suka fara tasowa. Sai kuma aka datse kogi aka yi dam. Ruwa ya taho a hankali ya haɗiye fadamar da suke kiwo. Masu noman rani sun ji daɗi, masunta suka cika bakin ruwa daga ko'ina, amma mai saniya sai ya yi tafiyar rabin yini kafin ya sami inda za ta sa baki. Nono ya ja baya. Dawar gidan kuwa ba ta kai su ƙarshen rani, da ma nonon ne ke cike giɓin.

Da Babbar Sallah ta 1994 Hamma Sulle, yayan Mijinyawa, ya zo ganin gida. Shi ya daɗe da kwashe nasa shanun ya yi kudu, wajen Kachia. Suka zauna a inuwar darbejiya shi da ƙaninsa, yana ba shi labarin ciyawa har ƙirji da rafukan da ba sa ƙafewa.

"Me kake jira a nan?" in ji shi. "Ka zauna kana kallon ruwan da ba naka ba? In an yanke dawa zan dawo da mota. Ka shirya iyali."

Mijinyawa ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hamma."

Hajo tana bayan zana tana dama musu fura, ta ji komai. Ba a dai tanka wa babban wa. Amma tafiyar nan ba ta kwanta mata ba ko kaɗan. Tsohuwarta na Ruwan Bago, ido ya tafi, ita ke kai mata man shanu duk Juma'a. 'Yarta Jamilatu na aji uku a makarantar kwana, in an yi kudu karatun ya ƙare ke nan. Ga ɗakunan ƙasa da suka gina da gumin jikinsu bayan shekaru ana kwana a bukka. Sai da baƙon ya tafi ta sami mijinta yana ɗaure igiya, ta durƙusa gefe.

"Malam, ni dai ba na son tafiyar nan."

"Ni ma ba so nake ba. In mun zauna, me za mu ci da rani? Me su za su ci?" Ya nuna shanun da haɓa.

"Ka ba ni damina ɗaya. In Hamma ya dawo ban samo abin da zai fitar da mu rani ba, ni zan fara ɗaure kayana."

"Ki yi me da damina ɗaya?"

"Kiwo."

"Kiwon me?"

"Abin da ruwan ya kawo. Ya cinye mana ciyawa, amma ai bai zo hannu rabbana ba."

Mijinyawa ya dube ta ya daɗe, sannan ya ci gaba da igiyarsa. A wurinsa wannan amincewa ce.

Ba haka kawai ta faɗa ba, akwai abin da ta gani. A bayan gidan akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Da can yakan ƙafe tun kafin a gama sussukar dawa, amma tun da dam ya cika sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ƙasa, bai sake ƙafewa ba. A bakin dam kuma tana da mai sayen nono, wata Sauda, Babarbariya daga can gabas wajen tabkin Chadi, wadda ta biyo mijinta Maikuɗi masunci. Sana'arta bandar kifi. Da yake tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, ba su taɓa gaisawa cikin mutunci ba.

"Baiwata, kin kawo wa uwargijiyarki nono?" Haka Sauda ke tarbar ta.

"Ina kika taɓa ganin baiwa da shanu? Karɓi ki sha, ko ƙarnin nan ya ragu."

A nan Hajo ta sha ganin Maikuɗi yana zazzage 'ya'yan tarwaɗa daga tarkonsa a kan yashi, kaji na tsincewa, don sun yi ƙanƙanta da sayarwa. Ta tambayi Sauda ko za su rayu in an zuba su a kududdufi.

"Tarwaɗa? Ai ta fi Bafillace taurin rai. Ko a taɓo kika jefa ta sai ta kwana."

Suka shirya a kan musaya, ƙwaryar nono, bokitin 'ya'yan kifi. Da ruwa ya sauka sosai Hajo ta yi mako uku tana jigila. Wasu kamar ɗan yatsa, wasu sun kai tsawon tafin hannu, duk ta juye su wuri ɗaya. A ganinta garke ne, garke kuwa da manya da ƙanana yake tafiya. Ba ta taɓa ko ɗaya ba, daga bokiti sai ruwa.

"Guda nawa kika zuba yanzu?" Sauda ta tambaye ta wata rana.

"Ana ƙirga dabba? Rufa mini asiri. Albarka ake nema, ba lissafi ba."

"Ku dai Fulani! To Allah ya ba da sa'a."

Safe da yamma tana kai musu dusa da ta jiƙa ta dunƙula, da garar da take fasowa daga suri, da hanjin kaji da take karɓowa wajen masu gashi a tasha. Kafin ta zuba sai ta buga gindin bokiti sau uku, yadda ake kiran shanu wurin kanwa. Ba a yi kwana goma ba suka gane kiran. Da ta buga sai ruwan ya hau tafasa kamar tukunyar talge.

Mijinyawa da farko ko kallon wajen ba ya yi. In zai wuce sai ya zagaya ta gaban gida. Amma mai kiwo ba ya iya ganin dabba na ƙiba ya ɗauke ido. Wata safiya ya tsaya daga nesa, ya ga wata baƙar tarwaɗa ta taso ta ture sauran ta haɗiye dunƙulen dusa gaba ɗaya. Ta ninka 'yan'uwanta sau uku, kanta faffaɗa, gashin bakinta dogo.

"Kai! Wannan bijimi ne," in ji shi. Ya raɗa mata suna Ɓaleri, sunan wani baƙin bijimi da bushiya ta kashe masa. Daga ranar shi ke fara zuwa bakin kududdufin. Yakan ware wa Ɓaleri hanji mafi tsawo, da ita da wasu manya biyu da ke bin bayanta, yana cewa garken da ke da irin waɗannan ba ya lalacewa.

Wajen tsakiyar damina Hajo ta lura tafasar ruwan ta ragu. Da ma ba ƙirgawa take ba, don haka ba ta iya cewa ga abin da ya ɓace, sai dai ido ya san garkensa. Inda da ruwan ke motsi daga baki zuwa baki, yanzu tsakiya kawai ke motsi. Ta ce guza ne, ta kewaye kududdufin da ƙaya. Ba a ga sauyi ba. Ta ce zalɓe ne, ta ja igiyoyi a sama ta rataya tsummoki. Tsuntsaye suka daina sauka, kifi bai daina raguwa ba. Manyan nan uku kuwa sai sheƙi suke.

"Ni na san guzan," in ji Mijinyawa. "Ƙafa biyu gare shi, kuma yana da komar kamun kifi. Ya ba ki, ya zagayo ya kwashe, gobe ya sake ba ki a bakin nono."

"Malam, ban gani ba, ba zan faɗa ba."

"To zauna. Dawa ta fara fitar da kai, Hamma na nan tafe."

Zaman kuwa ta yi, amma irin na makiyayi. Ta ba maƙwabciya tallan nono, ta shimfiɗa tabarma a gindin marken da ke bakin kududdufin, ta yi kwana uku daga hantsi zuwa la'asar ba ta yin komai sai kallon ruwa. A nan ta ga abin da mai zuba abinci ya wuce ba ya gani. Ƙananan ba sa zuwa tsakiya ko ta buga bokiti. Suna maƙale cikin ciyawar gefe, wasu wutsiya a yage, wasu gashin baki a gutsure. Da inuwar Ɓaleri ta gitta sai su watse. Rana ta uku ta ga ɗaya yana yawo a saman ruwa, rabinsa babu. Ta sa tsohon ludayi ta ɗebo shi a kwano, ta nufi bakin dam.

Sauda na gaban murhun banda, hayaƙi na tashi. Ta leƙa kwanon, ta dubi Hajo.

"Wane ne ya yi wannan?" in ji Hajo. "Guza ne ko kunkuru?"

"Akwai manya a ciki?"

"Akwai uku, masha Allah. Su ne ma suka fi lafiya."

Sauda ta ajiye wuƙa ta riƙe ciki, ta yi dariya har da hawaye. Ta ƙwala wa mijinta kira. "Maikuɗi! Zo ka ji. Baiwata ta haɗa kura da awaki a turke ɗaya, tana neman ɓarawo!"

"Ki faɗa mini magana, ba haƙoranki na zo gani ba."

Sauda ta jawo wata ƙatuwar tarwaɗa daga kamun ranar, ta kwantar da ita a kan katako, ta tsaga cikin da wuƙa, ta buɗe. Ga 'ya'yan tarwaɗa biyu a ciki, ɗaya ko narkewa bai fara ba.

"Ga guzanki nan. Ku kun ɗauka kowace dabba ciyawa take ci. Da kina cin kifi, da tun kina yarinya kin ga wannan."

Hajo ta ja da baya tana salati. Shekarunta duka a cikin dabbobi, ba ta taɓa ganin wadda ke cin jinsinta ba. Ta ce, "To yanzu fa?"

"Ki cire manyan. Kawo su in banda miki."

Da ta faɗa wa Mijinyawa, cewa ya yi Babarbariya ta yi mata wasa da hankali. "Saniya ta taɓa cin maraƙi?"

"Ba saniya ba ce, Malam. Mu ne muka ɗauke ta saniya."

Ba ta tsaya jayayya ba. Washegari ta kawo Maikuɗi da komarsa, ya kamo manyan nan uku, ya yanka biyu a gaban mai gidan ya buɗe cikinsu. Mijinyawa ya duba, ya kau da kai. Ya miƙa wa Maikuɗi hannu suka sake gaisawa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen gabas. Maikuɗi bai san dalili ba, Hajo ta sani. Amma da aka zo kan Ɓaleri, wadda ke juyi cikin baho, sai Mijinyawa ya sa ƙafa ya tare.

"Wannan ba za a sa mata wuƙa ba."

"Malam," in ji Hajo a hankali, "bijimin da ke sukar 'yan'uwansa, in ba ka son sayar da shi, yaya kake yi?"

"A ware shi."

"To a ware ta."

Maikuɗi ya ce ai mutane na jefa tarwaɗa a rijiya don ta cinye ƙwari. Aka zura Ɓaleri cikin guga, aka sauke ta rijiyar gidan, ta zauna can ita kaɗai da sarautarta.

Hajo ta ɗauka an gama. Kwana biyar ƙananan suka fito tsakiya suna cin abinci, ruwan ya ɗan dawo da motsinsa. Kafin mako biyu sai ga yagaggun wutsiyoyi sun dawo. Ta koma gindin marke ta duba, ta ga wasu huɗu da da ba kowa ba ne sun taso sun gaji kujerar. Ta je ta faɗa wa Sauda. Wannan karon Sauda ba ta yi dariya ba.

"Haka suke, 'yar'uwa. Ki cire sarki, gobe a naɗa wani. Shi ya sa mu ba ma kiwon su, kamawa kawai muke."

Ranar Hajo ta dawo gida ba ta yi saurin da ta saba ba. Dawa ta fara ja a gona. In ta ci gaba da cire manya ɗaya bayan ɗaya, kafin Hamma Sulle ya iso sai dai ta nuna masa ruwa.

Da safe ta fita tatsa kamar kullum. Kafin a tatsi saniya akan ɗaure maruƙa a dangwali, wato doguwar igiyar nan da ake ja tsakanin turaku biyu, mai maɗaurai a jere. Kowane maraƙi da gurbinsa, babba a wannan kai, mai bi masa kusa da shi, har zuwa ɗan jariri a ɗaya kan. Ba a taɓa sa ɗan kwana bakwai kusa da ɗan wata shida, don zai danne shi ya hana shi sakat. Maruƙan gidan uku ne kacal a lokacin, igiyar duk gurabe ne babu kowa, amma hannunta bai manta tsarin ba. Tana cikin ɗaure na ƙarshe ta tsaya da igiya a hannu. Ɗan wata shida ba mugu ba ne, girma kawai ya fi. Tarwaɗar nan ma ba wata muguwa ɗaya ce a cikinsu ba. Duk wadda bakinta ya isa kan 'yar'uwarta za ta haɗiye ta. Ashe ba cire sarki ne maganin ba, kowa a ajiye shi da sa'ansa.

Ta bar ƙwarya a ƙasa ta sami mijinta. "Malam, dangwali za mu yi musu."

"Wa?"

"Kifin."

"Ki ɗaure kifi a igiya? Hajo, ko rana ta taɓa ki a gindin marken nan?"

"Kai dai saro mini turaku."

Ya saro yana mita. Ta sa aka tsaga gora aka saƙa mata asabari masu ƙarfi, marasa faɗin ido. Mijinyawa ya naɗe wando ya shiga ruwa har ƙugu ya kafa turakun, suka ɗaura asabarin, kududdufi ya rabu gida uku. Sannan ta sa aka saƙa kwanduna biyu, ɗaya idonsa ya ɗauki yatsa biyu, ɗaya yatsa uku. Maikuɗi ya ja koma ya tara kifin a baho. Aka riƙa zuba su a kwando ana girgizawa cikin ruwa. Wanda ya zube ta ƙaramin ido ya tafi gidan ƙanana, wanda ya zube ta babban ido ya tafi gidan tsakiya, wanda ya maƙale ya tafi gidan manya.

Kwando bai iya raba su duka ba. Akwai siriri mai babban kai, akwai gajere mai tumbi, waɗannan sai ido da hannu. Hajo ta dubi bahon, ta dubi hannunta, ta yi bisimilla ta cusa. Ta ji ƙyamar santsin, amma ba ta saki ba. Na huɗu ne ya kafa mata ƙayarsa a tsakiyar tafi. Hannun ya kumbura kamar an hura, kwana biyu ba ta iya tatsa ba. Sauda ta zo duba ta da ruwan zafi da gishiri.

"Sannu, masunciya. Ta bayan ƙaya ake kamawa, yatsa nan, yatsa nan, ki danne kai. Wa ya ce ki rungume ta kamar jikarki?"

"Da kin faɗa tun jiya, bakinki ciwo zai yi?"

Daga nan aikin ya zama na kowace Alhamis. Ba ta ƙara jiran Maikuɗi ba, ta sayi ƙaramar koma tata. Duk wanda ya fi sa'anninsa a gidan ƙanana sai ta ɗaga shi gaba, takan ce an yaye shi. Ta tattaro fasassun tukwane da randunan da suka tsage daga gidajen maƙwabta ta jera a ƙasan kowane gida, don mai rauni ya sami inda zai ɓuya. Abinci ma ta daina zuba shi wuri ɗaya. Ta tuna in ana ba shanu kanwa a komi ɗaya, masu ƙaho ne kawai ke sha, sai ta riƙa watsa dusar kusurwa huɗu a lokaci guda, ta kuma ƙara ciyarwar rana, don ta lura mai yunwa ya fi cizo. A mako na uku ta duba gidan ƙanana kaf ba ta ga yagaggiyar wutsiya ko ɗaya ba.

Ba kyauta ta sami wannan ba. Ƙarni ya kama hannunta, ko ta wanke da toka da lemon tsami sai an ji. Wasu masu sayen nono suka janye. A wani suna a Daura ta Karaye, matan dangi suka riƙa matsawa in ta zauna, wata ta ce, "Hajo, yanzu kuma Sarkin Ruwa za mu ce, ko me?"

"Ku ce duk abin da kuka ga dama," in ji ta. "Ni dai a ɗakina zan yi rani."

Hamma Sulle ya iso bayan an yanke dawa, ya ce ya gama magana da mai mota, jibi za a yi lodi. Hajo ta gaishe shi ta kawo fura, sannan ta aika wa Maikuɗi. Washegari da hantsi aka ja koma a gidan manya da na tsakiya. Kifin bai kai yawan da ta zuba ba, ita da kanta takan ce da ƙyar in kashi ɗaya cikin uku ya tsira, sauran sun tafi cikin 'yan'uwansu tun kafin ta waye. Amma waɗanda suka fito kowanne ya kai damtsen mutum, baho bayan baho, har aka aro na maƙwabta. Sauda ta kwashe su zuwa murhunta, 'yan sari daga Kano da ke zuwa bakin dam suka tsaya a kai tun hayaƙi bai gama kama su ba. Kafin la'asar an yi maganar buhunan dawa da za su cike giɓin rumbu, da harawa da dusar da za ta riƙe shanun a gida har ruwa ya sauka. Gidan ƙanana kuwa ba a taɓa shi ba.

Hamma Sulle na tsaye daga nesa, ya rufe hanci da gefen rawani. Da ƙaninsa ya fito daga ruwa, taɓo har gwiwa, sai ya ce, "Mijinyawa, ɗan gidanmu ne wannan? Kun koma masunta?"

"Ba kamun kifi ba ne, Hamma, kiwo ne. Masunci ba ya sanin abin da ya kama. Waɗancan da ka gani a gefe 'yan yaye ne, wata uku nan gaba za su kai waɗannan."

"Motar fa?"

Mijinyawa ya durƙusa, ya daɗe yana goge taɓo da ciyawa. Bai taɓa ce wa yayansa a'a ba tun suna yara. Hajo na bakin zana, ba ta shiga ba, ba ta kuma fita ba.

"Hamma, ka yi mini haƙuri. Na ba ta damina ɗaya, ta cika alkawari. In na ɗauke ta yanzu, ban cika nawa ba."

"Mace ce za ta zaunar da kai?"

"Abinci ne zai zaunar da ni. Shi na ce babu, ga shi ya samu."

Hamma Sulle ya juya ya koma cikin gida. Da zai tafi Mijinyawa ya kamo karsana mai farin goshi, wadda ta fi kowacce kyau a cikin 'yan shanun, ya ce a tafi da ita ta ci ciyawar kudu a madadinsa. Yayan ya karɓi igiyar, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya leƙa ya ce wa Hajo ta gaida tsohuwa. Motar da aka yi maganarta ta ɗauki karsana ɗaya da mai ita.

Kwana biyu bayan haka Hajo ta fito da bokitin dusa ta tarar da mijinta a gabas da kududdufin, riƙe da diga, ya riga ya zana fili a ƙasa.

"Me kake yi, Malam?"

"Wannan ya yi musu kaɗan. Gida uku a rami ɗaya, ina za su juya? Manya su sami nasu daban."

"Ba nan ba. Nan tudu ne, ruwa ba zai tsattsafo ba. Matsa wajen marke."

"Ke kika san ƙasa ko ni?"

"Haƙa ka gani."

Ya tsaya, ya dubi inda ya zana, ya dubi marken. Ya saɓa digarsa ya matsa.